Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin noma, makamashi da gandun daji kan tallafa wa noman itacen makamashi

Masu girma ministoci da 'yan majalisa,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, mun rubuto muku ne kan wani amfanin gona da ya zama maraya a tsakanin ma'aikatunku. Ma'aikatar noma tana ɗaukarsa daji ne, ma'aikatar gandun daji tana ɗaukarsa gona ce, ita kuwa ta makamashi ba ta sanin da zamansa sai ya iso bakin tukunyar tururi. Muna nufin bishiyoyi masu saurin girma da ake dasawa takanas domin a sare su cikin 'yan shekaru a yi makamashi da su, ko itacen girki, ko gawayi, ko ɓarzajjen itace na masana'antu da tashoshin lantarki.

Kusan rabin itacen da ake sarewa a duniya kowace shekara wuta ake hurawa da shi. Wannan buƙatar tana nan ko an noma itacen ko ba a noma ba, kuma inda ba a noma ba, dajin Allah ne ke biya. Don haka muna goyon bayan gwamnati ta tallafa wa wannan noma. Abin da muke tsoro shi ne irin tallafin da aka saba, wanda ake auna nasararsa da yawan dashen da aka raba ranar biki. An gwada shi a ƙasashe da dama, kuma an san yadda yake ƙarewa.

Bari mu fayyace abin da ake nomawa, domin daga nan sauran maganar take tasowa. A ƙasashe masu sanyi, bishiyar wilo da ta fofla aka fi amfani da su. Ana yanka rassan wilo guntu-guntu, tsawon kimanin santimita 20, a soka su a ƙasa, kusan guda 15,000 a hekta ɗaya. Ana jera su layi biyu-biyu, tazarar santimita 75 a tsakanin tagwayen layin, mita ɗaya da rabi zuwa tagwaye na gaba, don injin girbi ya samu hanya. Ana sarewa duk bayan shekara uku ko huɗu, kututturen ya sake toho da kansa, a yi ta haka har shekara 20 zuwa 25. A ƙasashe masu zafi kuwa bishiyar turare ce a gaba, sai lukina da gilirisidiya da wasu nau'o'in akeshiya. Idan aka dasa turare da tazarar mita uku da mita biyu, hekta tana ɗaukar kusan 1,660, a sare bayan shekara biyar zuwa bakwai, a kuma samu girbi biyu ko uku daga kututture ɗaya kafin ƙarfinsa ya ragu. Gona mai kyau da aka kula da ita tana ba da kimanin tan 8 zuwa 12 na busasshen itacen wilo a hekta a kowace shekara. Turare a Barazil yana wuce haka nesa, amma da zaɓaɓɓen iri da taki da ruwan sama mai yawa. Duk wanda ya ɗauko alƙaluman Barazil ya ɗora a kan busasshiyar ƙasa mai tsakuwa, ya yaudari manomi tun daga takarda.

Buƙatarmu ta farko ita ce a fara tsarin daga mai saye. Manomin hatsi idan kasuwa ta faɗi bana, baɗi sai ya sauya shuka. Wanda ya dasa itacen makamashi ya ɗaure gonarsa shekara ashirin, kuma kayansa ba sa jure tafiya mai nisa, domin ɓarzajjen itace yana cika mota tun kafin ta yi nauyi, rabin nauyin ma ruwa ne. Da zarar an wuce kilomita 50 ko makamancin haka, kuɗin mota ya fara cinye ribar. Ke nan kasuwarsa ita ce mai saye guda ɗaya ko biyu da ke kusa da shi. In suka rufe, ya tashi da dajin da ba shi da inda zai kai.

Haka ta faru a Ingila. An gina wata tashar lantarki mai suna ARBRE a Eggborough da ke yankin Yorkshire, manoman kewayen suka dasa wilo sama da hekta 1,000 dominta, sannan kamfanin ya durƙushe a 2002 tashar ba ta kai ga yin aiki sosai ba. Fasahar da aka zaɓa, ta mayar da itace iskar gas kafin a ƙona, ba ta gama nuna ba a lokacin. Manoman sun cika nasu alkawarin, itacen ya girma, mai saye ne ya ɓace. Shekaru bayan haka, ambaton wilo kawai ya isa ya sa manomi a can ya ja da baya. A Filifin ma, shirin samar da lantarki daga itacen lukina da aka ƙaddamar a 1979 ya tanadi ƙananan tashoshi masu yawa, kowace da gandunta, amma akasarin gandayen an kafa su a kan tsaunuka marasa albarka da wahalar shiga, suka kasa ciyar da tashoshin. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Lissafin ba mai wuya ba ne, kuma ya kamata a ce duk takardar neman tallafi tana ɗauke da shi. Tashar da ke ba da megawat ɗaya na lantarki, tana aiki awa 7,000 a shekara, tana kuma mayar da kashi 25 cikin 100 na zafin itacen lantarki, tana buƙatar kusan tan 5,600 na busasshen itace a shekara. A kan tan 10 a hekta, hekta 560 ke nan ga megawat ɗaya tak. Mai son megawat goma sai ya nuna inda hekta 5,600 suke a kewayensa, da sunayen masu su, da hanyoyin da mota za ta bi a lokacin girbi. Kuma kashi 75 na zafin da ya rage asara ne in ba a yi amfani da shi ba. Shi ya sa muke ba da shawarar a fifita masu buƙatar zafin kansa: masana'antun da ke busar da kaya, masu gasa bulo, masu dafa abinci da yawa kamar makarantun kwana da asibitoci, da tashoshin da ke ba da lantarki da tururi a lokaci guda, waɗanda kan ci moriyar kashi 80 na makamashin. Tukunyar tururi ta gargajiya wadda kowane makanike ya san gyaranta ta fi sabuwar fasahar da ba a gwada ba amfani ga manomi.

Saboda haka kada a saki kuɗin dashe sai an ga yarjejeniyar saye a rubuce, ta aƙalla girbi biyu. A cikinta a faɗi yadda farashi zai riƙa tashi tare da tsadar rayuwa, da wanda zai biya kuɗin girbi da na mota, da abin da za a biya manomi in mai saye ya ƙi karɓa. A kuma yi ciniki a kan nauyin busasshen itace, a auna danshi a gaban manomi ko wakilinsa. Sau da yawa rigima tsakanin manoma da masana'antu a kan ma'aunin danshi take tashi. Gwamnati kuma tana iya zama mai saye da kanta ta hanyar gine-ginenta, wanda ya fi kowane jawabi ƙarfafa wa manomi gwiwa.

Sai maganar shekarun farko, inda kuɗi ke fita babu abin da ke shigowa. Kusan dukkan kuɗin kafa gonar a shekara ta farko da ta biyu ake kashe su, girbin farko kuwa sai shekara ta huɗu ko ta bakwai. Bankin da ya saba ba da rancen wata tara ba shi da abin da zai yi wa irin wannan manomi. Ana buƙatar rance mai rangwamen biya har zuwa girbin farko, da tallafin kafa gona.

Amma yadda ake biyan tallafin shi ne komai. Abin da ke kashe sabuwar gonar itace, fiye da fari da cuta, ciyawa ce. Sandar wilo da aka soka ba ta da saiwa ko ɗaya, dashen turare kuma bai fi tsawon hannu ba. Ciyawa mai ƙarfi tana shanye musu ruwa da haske cikin makonni, kuma gonar da ciyawa ta danne a shekarar farko ba ta komawa daidai, ko da bishiyoyin sun rayu. Dole a kashe ciyawa mai saiwa tun kafin dashe, a fasa ƙasa mai tauri da garma mai zurfi inda ta dunƙule, a yi noma sau uku ko huɗu a shekarar farko, a ci gaba har ganye ya rufe sama ya hana ciyawa haske. Bayan ciyawa sai dabbobi, wato zomo da barewa a wasu wurare, awaki da shanu a wasu, don haka shinge yana cikin kuɗin kafa gona. A ƙasa mai zafi gara tana cin saiwar ƙaramin turare, musamman in ya sha ƙishi. Dashen da ya mutu kuma a maye gurbinsa cikin makonni uku zuwa huɗu, in an wuce haka sabon ba zai taɓa kamo na farko ba. Ga gobara: a share hanyar tare wuta kewaye da gona da tsakanin sassanta kafin ciyawa ta bushe.

Duk wannan aiki bayan ranar dashe yake zuwa, lokacin da masu ɗaukar hoto sun watse. Shawararmu ita ce a kasa tallafin kashi uku. Kashi 40 cikin 100 bayan an gyara ƙasa an dasa, kashi 30 a ƙarshen shekarar farko in aƙalla takwas cikin goma na dashen suna raye kuma gonar a nome take, sauran 30 ɗin a shekara ta uku. A ƙirga ta hanyar zaɓen ƙananan filaye da ka a cikin gonar, kuma mai ƙirgar ya kasance ba shi da hannu a sayar da dashen.

Kuma tallafin ya ɗore. Suwidin ta kafa harajin hayaƙin kabon a 1991, ta kuma ba da tallafi mai tsoka na dashen wilo a farkon shekarun 1990, gonaki suka ƙaru da sauri zuwa hekta dubu goma sha wani abu. Da aka zaftare tallafin bayan 1996, sabon dashe ya ragu ƙwarai. An kuma gano daga baya cewa gonaki da yawa an kafa su ne a kan mafi munin ƙasa don a karɓi kuɗin kawai, ba a nome su ba, amfaninsu ya zo ƙasa da abin da aka yi hasashe. Ingila ta buɗe shirin tallafa wa amfanin gona na makamashi a 2000, ta sabunta shi a 2007, ta rufe a 2013. Duk lokacin da aka buɗe aka rufe, masu renon iri da masu injinan dashe da girbi ne ke fara barin sana'ar, kuma dawo da su ya fi dawo da kuɗin wuya. Tallafi madaidaici da aka tabbatar da doka na shekara goma ya fi mai yawa da za a janye a kasafin baɗi.

Akwai gyaran da ba ya cin ko sisi, wato na doka. A ƙasashe da yawa, da zarar bishiya ta tsaya a gona sai dokar gandun daji ta hau kanta: ba a sarewa sai da izini, ba a ɗauka a mota sai da takarda, wani lokaci ma filin ya koma daji a rajista, ba a sake noma shi. An yi waɗannan dokoki don kare daji, amma a aikace suna hukunta mai dasawa, suna buɗe ƙofar karɓar na goro a shingayen hanya. Jamus ta gyara dokar dazuzzukanta a 2010 ta fitar da gonakin itace da ake sarewa cikin shekara 20 daga ma'anar daji, filin ya ci gaba da zama gona. Muna roƙon irin wannan. A yi wa gonar rajista sau ɗaya lokacin dashe, da taswirarta da nau'in bishiyar, takardar rajistar ta zama ita ce izinin sara da na sufuri. Wannan rajista kuma ita ce za ta bambanta gawayin gona da na satar daji. Muddin mai sarar daji kyauta yana sayarwa a kasuwa ɗaya da wanda ya biya kuɗin dashe da shinge da noma, na biyun ba zai taɓa yin gogayya ba. Mai haya ko aron gona shi ma a rubuta wa ya mallaki bishiyoyin, domin ba wanda zai dasa abin da mai fili zai ƙwace a shekara ta biyar.

Game da iri, abu biyu. Na ɗaya, a kafa ƙa'idar inganci ga wuraren renon dashe. Dashen da ya daɗe a leda saiwarsa tana nannaɗewa, ya yi kyau a ido, bayan shekara biyu iska ta kayar da shi. Sandunan wilo kuma a ajiye su cikin sanyi, a dasa cikin kwanaki kaɗan da fitowa, in sun bushe sun mutu. Na biyu, kada a cika yanki guda da iri ɗaya. Cutar tsatsar ganye ta sha karya nau'in wilo da aka dogara da shi, shi ya sa yanzu ake cakuɗa nau'i biyar ko shida masu asali daban-daban a gona ɗaya. Wani ƙaramin ƙwaro mai tsotsar ganye ya bazu a Asiya daga tsakiyar shekarun 1980 ya yi wa gandayen lukina mummunar ɓarna, wani mai sa kumburi a rassan turare kuma ya yaɗu a nahiyoyi da dama tun daga shekarar 2000. Kafin a ba da shawarar wani iri ga manoma, a gwada shi a filayen gwaji na yankin har girbi ɗaya cikakke. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wace ƙasa za a dasa? A nan ne muke roƙon ku fi taka-tsantsan. Kada tallafi ya shafi filin da aka sare dajin asali ko aka huɗe tsohuwar makiyaya ko aka janye ruwan dausayi domin a dasa. Kabon da ke fita daga irin wannan sassabe yana iya ɗaukar shekaru masu yawa kafin sabon dashe ya mayar da shi, ban da asarar tsirrai da namun daji. A kuma yi hattara da kalmar “ƙasar da ba a amfani da ita”. Filin da taswira ta nuna fayau, sau da yawa akwai masu kiwo a kansa, da masu ɗiban itace da ganyen magani. A tambaye su tun kafin a kafa turaku. Wuraren da suka fi dacewa su ne gonakin da suka gaji, gangaren da zaizaya ke ci, iyakokin gonaki, tsofaffin filayen haƙar ma'adinai, da gefen wuraren tace ruwan ƙazanta. A garin Enköping na Suwidin an daɗe ana shayar da gonar wilo da irin wannan ruwa, bishiyar ta tsotse sinadaran da da sun gurɓata tafki.

Bishiya mai saurin girma mai saurin shan ruwa ce, wannan ba abin musu ba ne. Afirka ta Kudu, a dokar ruwanta ta 1998, ta sanya gandun itace na kasuwanci cikin ayyukan da ke rage kwararar rafuka, sai da lasisi ake kafa shi. Ko ba a kai ga lasisi ba, a hana dasa turare a bakin rafi da maɓuɓɓuga da kusa da rijiyoyi, a kuma ƙayyade kason da gandaye za su rufe a kowane kwari. Sannan a tantance ko baƙon iri zai tsere daga gona. Bishiyar furosofis da aka kai yankin Baringo na Kenya da Afar na Habasha don itace da tare hamada ta mamaye makiyaya da bakin koguna, yau ana kashe kuɗi ana yaƙi da ita.

Bayan sara ma akwai inda ake zubar da rabin wahalar. Ɗanyen itace rabinsa ruwa ne, kilo ɗaya yana ba da zafi kusan megajul 8 (ma'aunin makamashi ne). In ya bushe danshinsa ya sauko zuwa kashi 20 cikin 100, yana ba da kusan 14. Idan aka ɓarza shi ɗanye aka tara tsibi, yana ɗaukar zafi, ya yi fumfuna, nauyinsa ya riƙa raguwa wata bayan wata, babban tsibi ma yana iya kamawa da wuta da kansa. Gara a jera shi sanda-sanda a kan gungume, sama da ƙasa, inda iska ke ratsawa, a ɓarza daga baya. A wajen gawayi, tan goma na busasshen itace a ramin da aka rufe da ƙasa ba ya wuce tan ɗaya zuwa ɗaya da rabi na gawayi, alhali murhun bulo mai kyau a hannun gwani yana ba da biyu da rabi zuwa uku. Tallafa wa murhun bulon kaɗai daidai yake da ninka gonar ba tare da an ƙara ko taku ɗaya na fili ba. Ganye da ƙananan rassa da ɓawo kuma a bar su a gona, domin a cikinsu akasarin abincin ƙasar yake, tokar tukunya mai tsabta ita ma a mayar. Kututturen turare a sare shi ƙasa-ƙasa, santimita 10 zuwa 15, da kaifin makami kuma a karkace don kada ruwa ya kwanta, bayan shekara guda a rage tohon zuwa ɗaya ko biyu mafi ƙarfi.

Injinan dashe da girbi sun fi ƙarfin manomi ɗaya, kuma ba sa biyan kansu sai da ɗaruruwan hekta a kusa da juna. A tallafa wa ƙungiyoyin manoma ko 'yan kwangila su mallake su, a kuma tattara dashen a yankuna kewaye da masu saye maimakon a warwatsa shi ko'ina don kowace mazaɓa ta samu rabo. Inda hannu ya fi inji araha, tsarin Mampu a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango abin dubawa ne: hekta 8,000 na akeshiya da aka dasa tsakanin 1987 da 1993, aka raba wa iyalai hekta 25 kowanne, suna sare sashe ɗaya na filinsu a shekara su yi gawayi don birnin Kinshasa, su shuka abinci a wurin yayin da sababbin bishiyoyi ke tasowa. Abincin da ake samu a tsakani shi ke riƙe iyali kafin itacen ya kai.

Daga ƙarshe muna roƙon a damƙa wannan aiki ga ofishi guda mai suna da adireshi, wanda manomi zai je wurinsa don rajista da tallafi da shawarar malamin gona, sauran ma'aikatun su ba shi wakilai. Ofishin ya riƙa wallafa rahoto kowace shekara mai nuna hekta nawa ke raye bayan shekara uku, tan nawa na busasshen itace aka girbe a hekta a kowane yanki, nawa aka sayar kuma ga wa. A kuma ware wani kaso na asusun tun yanzu domin tumɓuke kututture da gyaran magudanan ruwan da saiwa ta toshe, ga manomin da ya gama zagayensa yake son mayar da filinsa gonar abinci.

Mun gode da sauraro. Allah ya yi muku jagora.

Naku cikin girmamawa,
Wasu ma'aikatan gandun daji, malaman gona da injiniyoyin makamashi